Kujerar Gaba: Wa Ke Biyan Kuɗin Bayan Ɗan Keke?

Makon nan ni aka ba filin, kuma zan kashe shi ne a kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun hutun ƙaramar sallah da na je gida Sheme.

Ranar da na sauka, muka tsaya sallar isha'i kafaɗa da kafaɗa da wani ƙanena, ɗan kawuna, yaron da bai cika talatin ba. Liman ya yi ruku'u, kowa ya duƙa, shi kuma na ji ya tsaya a rabin hanya yana numfashi sama-sama. A raka'a ta uku ya haƙura ya zauna. Washegari da asuba na hango shi can ƙarshen sahu, kan bencin da aka ajiye wa dattawa, tsakanin tsofaffi biyu da kowannensu ya yi jika da shi. Da muka fito na ce, "Kai kuwa lafiya?" Ya yi dariyar yaƙe ya ce, "Yaya, basir ne ya sako ni gaba. Ina kan shan magani." Shekara guda ke nan yana kan shan maganin.

Ƙanen nan nawa manomi ne tun tasowarsa. Da gonarsu ta can cikin daji ta gagari shiga saboda halin da kowa ya sani a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, sai ya tattara ya koma Funtua. Wani mai hali ya ba shi keken haya mai ƙafa uku a kan sharaɗin ya riƙa kawo kuɗi duk mako har ya mallake shi. Irinsa suna da yawa. Duk wanda ya tsaya bakin babbar kasuwar Funtua da hantsi, ya saurari harshen yaran da ke kiran fasinja, zai ji 'yan ƙauyukanmu ne da noma ya kuɓuce wa. Keken nan ya rufa wa gidaje da yawa asiri, ban zo don in kushe shi ba. Abin da nake so in ce shi ne, kuɗin da muke miƙa wa ɗan keke idan mun sauka bai cika ba. Akwai ragowa, kuma da ƙashin bayansa yake cike ta kullum, shi bai sani ba, mu ma ba mu damu mu sani ba.

Bari mu ɗan duba injin kansa. Mu nan mukan ce kurkura ko Keke Napep, Kanawa su ce A Daidaita Sahu, wasu garuruwan har agwagwa da buje suke ce masa. Kowane suna da tarihinsa. A Legas ya fara yaɗuwa zamanin mulkin soja na Buba Marwa, shi ya sa can ake ce masa Keke Marwa. Gwamnatin Obasanjo ta kafa shirin yaƙi da talauci na NAPEP a 2001, ta rarraba shi, sunan shirin ya bi shi. A Kano gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ce ta shigo da shi don ɗaukar mata, ya ci sunan shirinta na gyaran tarbiyya, sannan da aka hana acaɓa a birnin a watan Janairun 2013 sai ya mamaye tituna. Yawancin waɗanda muke hawa ƙirar Indiya ne, Bajaj da TVS. An ƙera su don direba ɗaya a gaba, fasinja uku a baya, gajeren zango a cikin gari. Tayarsu ƙarama ce, bakin ƙarfenta inci 8 kacal. Ƙaramar taya kuwa ba ta tsallake rami, faɗawa take yi ciki ta fito. Ramin da babbar mota za ta taka direbanta bai ma ji ba, ɗan keke sai ya ji shi har tsakar kansa. Kuma kujerar direba kusan a saman tayar gaba take, ga soso siriri wanda wata shida ke mayar da shi kamar tabarma, ga majingina da ba ta wuce tafin hannu biyu ba.

Shi kuma bayan ɗan Adam, ƙasansa ƙasusuwa biyar ne a jere, tsakanin kowane biyu akwai wani faifai mai taushi da ke aiki kamar shakazoba, ga tsoka da jijiyoyi sun ɗaure su. Nan ne nauyin rabin jiki na sama yake sauka. Tun shekarun 1960 wani likitan ƙashi ɗan ƙasar Suwidin, Alf Nachemson, ya auna matsin da ke cikin faifan nan a jikin mutane masu rai, ya samu cewa zama ba jingina, musamman a sunkuye, ya fi matsa shi a kan tsayuwa. To haka ɗan keke yake zama: hannuwa biyu a miƙe kan kan keke, kafaɗu a gaba, ƙugu a lanƙwashe. Sai a ƙara masa da girgiza. Masana lafiyar ma'aikata sun daɗe da gano cewa jijjigar da ke maimaituwa kamar sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa ɗaya ita ta fi wahalar da gangar jikin wanda ke zaune, domin jikin kansa yakan kama rawa tare da ita. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta yi doka a 2002 da ta ƙayyade yawan girgizar da ya halatta ma'aikaci ya sha a aikin awa 8. Ƙanena yana fita bayan asuba, ba ya ajiye keke sai bayan isha'i. Ku ƙirga da kanku.

Amma duk wannan bai kai abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba, wato kujerar gaba.

Kowa a cikinmu ya taɓa yi. Baya ya cika da mutum uku ko huɗu, kana sauri, ɗan keke ya muskuta ya ce "Shigo gaba, Malam." Ka ɗosana. Wani lokacin har mutum biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Ka taɓa lura da yadda direban yake zama bayan ka shiga? Rabin mazauninsa ne kawai a kan kujera. Ƙugunsa ya karkace gefe, kafaɗunsa kuma dole su fuskanci titi, ƙafarsa ta dama na miƙe tana neman birki. Wato gadon bayansa a murɗe yake kamar tsumman da ake matsewa, kuma a haka zai faɗa rami, a haka zai hau tudun rage gudu, a haka zai waiwaya ya karɓi kuɗi ya ba da canji. Kai minti goma za ka yi ka sauka kana miƙa. Shi wani zai maye gurbinka kafin kujerar ta huce. Ranar kasuwar Sheme kuwa abin ya wuce fasinja: buhun masara, buhun taki, akuya a ɗaure, wani lokacin har a saman rufi. Kuma wa ke ɗorawa, wa ke saukewa? Shi dai. Mutumin da ya yi awa uku a ƙame, tsokar bayansa ta gaji ta yi sanyi, shi ne zai diro ya sunkuya ya ciccibi buhu. Da yawansu a nan ne suke jin abin ya ce ƙas, daga ranar kuma ba su ƙara komawa daidai ba.

Abin dariya abin takaici, sau ɗaya na san hukuma ta sa baki da ƙarfi a kan yawan mutanen da keke zai ɗauka a yankinmu. A ƙarshen watan Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar matakan tsaro, wadda ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomin da abin ya shafa, ta kuma hana keke ɗaukar fiye da fasinja uku. Don 'yan bindiga aka yi dokar, babu wanda ya yi tunanin ƙugun direba. Amma ƙanena ya ce mini ɗan lokacin da aka matsa a kanta, aljihunsa ya yi kuka, bayansa kuma ya ɗan sarara. Shi bai haɗa biyun ba sai da na tambaye shi.

Na san abin da wani zai rubuto a ƙasa, kuma yana da gaskiya: ai ba dole aka yi masa ba, shi ke kiran fasinjan gaba da bakinsa. Haka ne. Sai dai mu tambayi dalili. Ɗan keke yakan farka da bashi a kansa kafin ya tayar da inji. Akwai balas na mai keke, wanda ba ya san an yi ruwa ko an yi zazzaɓi. Akwai tikitin ƙungiya da na hukuma. Akwai mai, wanda tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 ya tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ya haura 1,000. Akwai bakanike da mai faci. Mutum ukun da ke baya su ke biyan waɗannan duka. Na gaba shi ne cefanen gida. Idan ka ce masa ya daina ɗaukar na gaba ba tare da ka taɓa komai a cikin lissafin nan ba, ka ce masa ne ya koma gida hannu rabbana. Shi ya sa nake ganin wa'azin "ku riƙa hutawa, ku riƙa kula da lafiyarku" da ake yi musu a rediyo, in an tsaya a nan kawai, cin fuska ne. Hutu kuɗi ne, kuma ba shi ke riƙe da kuɗin ba.

Yanzu mu dawo kan basir. Ba na raina magungunanmu na gargajiya, da su aka raine ni. Amma kalmar basir ta zama wani babban buhu da muke zuba duk ciwon da ke tsakanin cibiya da gwiwa. Ciwon baya basir, kasala basir, raunin mazakuta basir. Motar mai magani za ta tsaya bakin tasha da lasifika, ta lissafo alamomi goma sha, kuma babu namijin da ya wuce ashirin da biyar da ba zai ji nasa a ciki ba. Basir na gaskiya kumburin jijiyoyin jini ne a dubura, kuma dogon zama na iya tsananta shi, don haka ba mamaki ɗan keke ya haɗa biyun a jiki ɗaya. Sai dai wanke ciki ba ya gyara tsokar da aka murɗa awa goma sha biyu. Illar wannan suna ita ce yana ɗauke laifi daga kan aikin ya mayar da shi cikin hanji. Muddin basir ne, to babu ruwan mai keke, babu ruwan kujera, babu ruwan titi, babu ruwanmu mu fasinja. Matsalar ta zama tsakanin yaro da cikinsa, sai ya sayi gora ya sha, ya yi gudawa kwana biyu, ya koma kan kujerar da ƙarancin ruwa a jiki.

Idan gora ta gaza sai kemis. "A ba ni haɗi na ciwon jiki." A ƙulla masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, babu suna babu kwali. Yawanci akwai irin su diclofenac ko ibuprofen a ciki, wani lokacin duka biyun, wani lokacin har da dexamethasone. Waɗannan magunguna ne na gaske, suna da amfani idan an sha su daidai na ɗan lokaci. Amma a sha su kullum, wata da watanni, da safe ciki babu komai, a cikin zafin Afrilu, mutum kuma yana ƙin shan ruwa don kada fitsari ya tsayar da shi, wannan hanya ce miƙaƙƙiya zuwa gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Daga nan kuma taki ɗaya ne zuwa tramol. Binciken da aka yi kan shaye-shaye a Nijeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na shan irin waɗannan magungunan kashe zafi ba bisa ƙa'ida ba. Mukan kalli ɗan keken da idonsa ya yi ja mu ce ɗan ƙwaya ne, mu tsine wa tarbiyyarsa. Wasu haka ne. Amma na san waɗanda ba nishaɗi ya kai su ba. Ƙwayar farko da suka haɗiya, sun haɗiye ta ne don su iya zama a kujera su cika balas.

Kuma kada a ɗauka ciwon nan ƙaramin abu ne don ba ya kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, ana hasashen su kai miliyan 843 a 2050, kuma shi ne kan gaba a duniya wajen hana mutane aiki da walwala. Kusan kashi 90 cikin 100 ba a samun wata cuta takamaimai da za a nuna a hoto a ce ga ta. Wannan albishir ne ta wani gefen: yawanci ba karaya ba ce, ba ƙoda ba ce, ba kuma abin tiyata ba ne. A watan Disambar 2023 hukumar ta fitar da jagora kan ciwon bayan da ya daɗe, inda ta ƙarfafa motsa jiki, da fahimtar da mai ciwo halin da yake ciki, da aikin likitocin gashin ƙashi, ta kuma ce a guji dogaro da bel ɗin ɗaure ƙugu da magunguna dangin tramol. Na yi murmushi da na ga zancen bel, domin ƙanena har da rawani yake tamke ƙugunsa a ƙarƙashin riga.

Akwai dai alamomin da ba a wasa da su, kuma ina roƙon duk wanda ke da ɗan'uwa a wannan sana'a ya riƙe su. Idan ciwon ya sauka ƙafa har ta fara rauni ko yana jan ta, idan tsakanin cinyoyi da mazaunai ya mutu ba ya jin taɓi, idan fitsari ko bayan gida ya fara kufcewa ko ya ƙi fita, wannan ba na gobe ba ne, asibiti za a nufa a ranar. Haka idan akwai zazzaɓi da rama da gumin dare, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma yana nan a ƙasarmu. A fara da babban asibitin Funtua ko na Ƙanƙara, in abin ya fi ƙarfinsu su tura Katsina ko Shika ko asibitin ƙashi na Dala a Kano.

To me nake so a yi? Na fi ɗora nauyin a kan ƙungiyoyin 'yan keke da masu ba da keke, don su ne ke da abin da za su iya canzawa gobe da safe ba tare da jiran Abuja ba. Mun ga ƙarfin 'yan A Daidaita Sahu a Kano: a watan Fabrairun 2021 sun ajiye aiki saboda harajin Naira 100 na kullum, birni ya tsaya cak, ɗalibai da 'yan kasuwa suka taka da ƙafa, suka kuma maimaita a Janairun 2022 kan kuɗin sabunta rajista. Masu irin wannan ƙarfi ba za su gaza zama da masu kekuna a yi yarjejeniyar kwana ɗaya a mako babu balas ba. Ba za su gaza ware wani abu daga tikitin da suke yanka kullum a gayyato likitan gashin ƙashi tasha, ko sau ɗaya a wata, ya nuna wa yara yadda ake miƙa baya da yadda ake ɗaga buhu da gwiwa ba. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Shi kuma mai keke, wanda ba ya yarda a wuce ranar juyen baƙin mai ko da kwana ɗaya, ya sani soson kujera da shakazoba su ma kayan gyara ne. Yana lissafin ranar da inji zai gaji, ba ya lissafin ranar da yaron zai gaji, saboda ya san in wannan ya kwanta akwai goma a ƙofar gidansa suna jiran makulli. Wannan ita ce maganar da ba a so a faɗa.

Mu fasinja kuma namu ya fi kowanne ɗaci, domin aljihu zai taɓa. In muna so a bar kujerar gaba ga direba shi kaɗai, sai mun yarda kuɗin mutum uku ya ɗauki abin da na huɗu yake biya. Ni kaina da nake wannan rubutu na sha yin ciniki a kan Naira hamsin har murya ta tashi, sannan in sauka in sayi katin waya na ɗari biyar ban ce uffan ba. Ban ce kowa na da halin ƙari ba, na san yadda gari yake. Amma wanda ke da hali, ya ga an muskuta masa a gaba, zai iya cewa "Bar shi, zauna daidai, zan cika maka." Na gwada sau uku a Funtua. Biyu sun yi godiya. Na ukun ya karɓi kuɗin, muka yi gaba kaɗan ya tsaya ya ɗauki wani a gaban. Ban ji haushinsa ba sosai.

Kafin in baro gida na samu kawu a zaure na ce masa, "Kawu, yaron nan ba basir ke damunsa ba, keken ne." Ya yi shiru, ya ce, "To in ya ajiye keken, mu ci me?" Ban da amsa, kuma ban yi kamar ina da ita ba. Abin da muka iya shi ne kaɗan. Na kai shi asibiti aka duba shi, aka ce babu alamar haɗari, aka koya masa motsa jiki na minti goma safe da yamma, aka ce ya bar haɗin kemis. Muka je wurin mai ɗinkin kujeru aka sa sabon soso mai kauri, aka ɗaga majinginar ta kai tsakiyar baya. Ya cire walat daga aljihun baya. Ya yi mini alkawarin duk lodi biyu zai sauko ya taka ƙasa ko na minti uku ne, ya kuma riƙa kiran 'yan dako su sauke buhu ko da za a rage masa wani abu.

Maganar kwana ɗaya babu balas kuwa, kawu ya je da kansa wurin mai keken. Mutumin ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi ruwa, ya ce zai duba. Saura wata bakwai yaron ya gama biya. Da na kira shi shekaranjiya ya ce da sauƙi, ya koma cikin sahu, sai dai sujada har yanzu a hankali yake yin ta. Na tambaye shi kujerar gaba fa? Ya ce, "Yaya, da safe ba na ɗauka. In la'asar ta yi ban haɗa balas ba, sai dai ka yi haƙuri."